Yadda ake gano dutse a babbar ɗamarar sama, a bi shi har a raɗa masa suna

Tsakanin duniyar Mas da ta Jufita akwai wani faffaɗan fili da duwatsu ke zagaya rana a cikinsa. Yana farawa daga wajen ninki 2.1 na nisan da ke tsakaninmu da rana, ya kai wajen ninki 3.3, nisan namu kuwa kusan kilomita miliyan 150 ne. Filin nan shi ake kira babbar ɗamara, duwatsun kuma astaroyid. Waɗanda aka sani a duk kewayen rana sun haura miliyan 1.3, akasarinsu a ɗamarar suke, amma masu suna ba su kai 30,000 ba. Sauran lamba kawai gare su.

Ganin ɗigon haske yana motsi a hoto shi ne mafi sauƙi a aikin nan. Abin da ke ba mutum ikon raɗa suna shi ne awo mai kyau, wato auna matsayin dutsen a sama da lokacin ganinsa daidai, da komawa a dare na biyu, da bin sawu na shekaru. Tun daga dutsen farko haka abin yake. Giuseppe Piazzi ya hango Ceres a Palermo ta Italiya ranar 1 ga Janairun 1801, ya bi shi kwana arba'in da 'yan kai, sai hasken rana ya shanye shi. Da lissafin Carl Friedrich Gauss aka sake kamo shi a Disambar shekarar. Wani kuwa, mai lamba 878, wato Mildred, an gan shi a 1916, awon da aka yi masa bai isa ba, ya ɓace sai a 1991.

Da kayanka ko da hotunan wasu

Gaskiyar da ya kamata a faɗa tun da wuri ita ce masu haske duk an riga an kwashe su. A ma'aunin hasken taurari, lamba na hawa haske na dushewa, kuma kowane mataki 5 ninki 100 ne. Ido tsirara yana tsayawa a wajen mataki na 6. Sababbin duwatsun da ake samu yanzu galibi daga mataki na 20 zuwa 22 suke. Mataki na 21 ya fi tauraro mafi dushewa da idonka ke gani rauni sau miliyan ɗaya. Ga kuma manyan cibiyoyi da ke share sama kowane dare: Pan-STARRS a Hawai, Catalina a jihar Arizona, da sabuwar cibiyar Vera Rubin a Chile, wadda a Yunin 2025 ta sanar da sababbin duwatsu 2,104 daga kallon da bai wuce na awa goma da ɗoriya ba.

Saboda haka wanda ba shi da madubin hangen nesa kada ya ce sai ya saya. Akwai shirin IASC, wanda Patrick Miller ya kafa a 2006 a Jami'ar Hardin-Simmons da ke Texas. Shirin yana raba wa ƙungiyoyin ɗalibai da masu sha'awa sababbin hotunan Pan-STARRS, waɗanda aka ɗauka da madubi mai faɗin mita 1.8, kyauta, su bincika da manhajar Astrometrica. Ana yin sa zango-zango, kowane zango kusan wata guda, kuma akwai zangon da aka keɓe wa ƙasashen Afirka. Abin da ake buƙata kwamfuta ce mai Windows, da intanet, da abokan aiki masu haƙuri. Mu a ganinmu, ko mai kuɗin sayen kaya ya fara daga nan, domin a nan ido ke koyon bambanta dutsen gaske da na ƙarya.

Mai son yi da kayansa yana buƙatar madubi mai faɗin santimita 30 zuwa 40 ko sama, da mazauni mai injin da ke bin juyawar sama, da kamarar taurari mai sanyaya kanta, wadda ke ajiye hoto a FITS, tsarin fayil da masana taurari ke amfani da shi. Hoton JPEG ba shi da amfani a nan, don ya riga ya zubar da bayanan da awo ke dogara a kansu.

Sai a duba ko kamarar ta dace da madubin. Ana auna sama da sakan na kusurwa, wato digiri ɗaya a raba shi gida 3,600. A ninka girman ɗigon kamara (pixel), a ma'aunin maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu, da 206.265, a raba da tsawon tattara hasken madubin (focal length) a milimita. Kamara mai ɗigo 3.76 a kan madubi mai 1,200 za ta ba da sakan na kusurwa kusan 0.65 a kowane ɗigo. Idan aka haɗe ɗigo biyu-biyu ya zama kusan 1.3, wanda ya yi daidai. Tsakanin 1 da 2 ake so. In ya wuce haka sosai, tauraro zai faɗa cikin ɗigo ɗaya, ba a iya fitar da tsakiyarsa. In ya yi ƙasa sosai, hasken dutsen zai watse a ɗigo da yawa ya nutse.

Lambar wurin kallo

Duk awon duwatsun sama na duniya wuri ɗaya yake zuwa: cibiyar MPC da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka, wadda ke aiki a ƙarƙashin ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU. Ba ta karɓar sabon abu daga wanda ba ta san hannunsa ba. Sai ka fara auna wasu duwatsu sanannu, kowanne a dare biyu, ka aika tare da bayanin inda madubinka yake daidai wa daida: layin tsaye da layin kwance na taswirar duniya (longitude da latitude), da tsayi daga teku. Idan awonka bai kauce da fiye da sakan ɗaya na kusurwa ba, sai a ba wurin lamba mai alama uku. Greenwich ce 000, Pan-STARRS ta farko F51, cibiyar Oukaïmeden da ke tsaunukan Maroko J43.

Lambar ta wuri ce, ba ta mutum ba. Wanda ya ɗauki madubinsa daga Zariya ya kai Damagaram ya kuma aika da tsohuwar lamba ya ɓata awonsa, domin dutsen da ke nisan ninki 1.5 na tazararmu da rana yana iya gocewa da sakan na kusurwa har kusan 6 gwargwadon inda mai kallo ya tsaya a doron ƙasa.

Ina za a duba, kuma yaushe

Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da rana da duniyarmu da dutsen suka jeru, duniya a tsakiya. Wannan muke kira jeruwa. A lokacin dutsen ya fi kusa, fuskarsa duka a haske take, kuma yana can ƙololuwa da tsakar dare. Sai a nufi ɓangaren sama da ke kishiyantar rana, a kan hanyar da rana da wata ke bi ko kusa da ita, kada a yi nisan da ya wuce digiri 20 zuwa 30 daga wurin.

Wata babban maƙiyi ne. Mai bin lissafin watan Musulunci ya huta: daga wajen 23 ga wata zuwa 6 ko 7 ga mai kamawa tsakar dare na da duhu. A Yuni da Disamba kuma wurin jeruwa yana faɗawa cikin farin kogin taurarin nan da ke ratsa sama, inda taurari suka yi cunkoson da dutse ba ya tafiya minti goma bai hau kan wani ba. A guje su.

A ƙasar Hausa akwai wata dama da ba kowa ya lura da ita ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma a ƙarshen Oktoba wurin jeruwa yana ratsawa ta saman kai tsaf da tsakar dare, inda iskar da haske zai keto ta fi ƙaranci. Lokacin damina ta ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba tukuna, filin taurarin wurin kuma ba cunkoso. Da zarar hazo ya sauka, mataki ɗaya ko biyu na haske sun tafi, ƙura kuma ta kwanta a kan gilashi tana zana zobba a hoto.

Ɗaukar hoto

A lokacin jeruwa dutsen babbar ɗamara yana tafiya wajen sakan na kusurwa 30 zuwa 40 a awa, kusan rabin sakan a minti, kuma yamma yake nufa a tsakanin taurari domin duniyarmu ce ke wuce shi. Wannan gudun ne ke yanke tsawon buɗe kamara. Idan taurari a hotonka suna da faɗin sakan na kusurwa 2.5, dutsen zai cinye wannan faɗin a minti 5, daga nan ya fara zama zare. Buɗewar minti 1 zuwa 2 ta wadatar. A ɗauki da yawa a jere na tsawon awa ɗaya ko fiye, a raba su kashi uku ko huɗu, a ɗora hotunan kowane kashi a kan juna bisa gudun dutsen da alƙiblarsa. Taurari za su zama zare, dutsen ya taru wuri ɗaya ya fito. Astrometrica, wadda Herbert Raab na Ostiriya ya rubuta, tana yin haka. Tycho Tracker kuma tana gwada dubban gudu da alƙibla da kanta, amma tana son kwamfuta mai ƙarfin katin hoto.

Kafin awo a tace hotunan. Hoton duhu, wanda ake ɗauka da murfi a rufe, a tsawon lokaci ɗaya da sanyi ɗaya da na ainihi, shi ke cire ɗumin kamara. Hoton farin fage, na sararin magariba ko na allo mai haske bai ɗaya, shi ke cire zobban ƙura da duhun gefe. A lokacin ƙura, farin fagen makon jiya ba ya aiki yau.

Agogo ne ke kayar da mutane da yawa. Lokacin da ake rubutawa shi ne tsakiyar buɗewar, ba farkonta ba, kuma da agogon duniya na UTC. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Wanda ya bar kwamfutarsa ta rubuta agogon gida a matsayin UTC ya jefa dutsensa gefe da sakan na kusurwa fiye da 30, alhali kuskuren da ake yafewa bai kai 1 ba. A daidaita agogon da intanet ko da GPS kafin a fara, a sake dubawa duk lokacin da wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu.

Rarrabe gaskiya da ƙarya

Manhaja za ta daidaita hoton da kundin taurari. A zaɓi na Gaia, kumbon da ya auna matsayin taurari daga sararin samaniya, don tsofaffin kundaye suna da karkata, taurarin kuma sun gusa tun lokacin da aka auna su. Daga nan sai ƙiftawa: a riƙa nuna hotunan ɗaya bayan ɗaya da sauri, taurari na tsaye, mai motsi ya tona kansa.

A nan ake son sanyin rai, domin mafi yawan abin da ke motsi ba dutse ba ne. Na gaske yana bin miƙaƙƙen layi, tazararsa daga hoto zuwa hoto daidai take da tazarar lokaci, haskensa ba ya sauyawa da fiye da mataki ɗaya, kuma siffarsa irin ta tauraro ce, tsakiya mai haske gefe na dushewa a hankali. Ƙarfin haskensa ya ninka hayaniyar hoton aƙalla sau 5. Lalataccen ɗigon kamara kaifi gare shi, ɗigo ɗaya tak ba gefe, kuma idan madubi na ɗan zamewa sai ya yi kamar yana tafiya a layi. Maganinsa a riƙa gusa madubin kaɗan, ba bisa tsari ba, tsakanin hoto da hoto. Tartsatsin da ke faɗo wa kamara daga sararin sama a hoto ɗaya yake bayyana. Inuwar babban tauraro kuwa tana nan kusa da shi ko a kishiyar gefensa. Duk abin da sai ka matse ido ka roƙe shi kafin ya fito, bar shi. Rahoton ƙarya yana zubar da mutuncin lambar wurinka, kuma yana sa wasu su ɓata darensu suna neman abin da babu.

Idan ya tsallake wannan, a saka matsayinsa da lokacinsa a shafin MPChecker na cibiyar, wanda ke jero duk sanannun duwatsun da ke kusa da wurin. Kada a dogara da kusanci kaɗai, a gwada gudu da alƙibla. Sanannen dutse da ba a san turbarsa sosai ba yana iya bayyana nesa kaɗan da inda aka yi hasashe, amma tafiyarsa za ta zo ɗaya. Wanda kuma aka ga yana gudun da ya ninka na 'yan ɗamara sau da yawa, ko yana ratsa hanya a karkace, wataƙila makusancin duniya ne. Irin wannan ba a kwana da shi, a aika nan take.

Dare na biyu da abin da ke biyo baya

A fitar da awo uku zuwa biyar a dare, masu tazarar da ta kai awa guda tsakanin na farko da na ƙarshe. Awo talatin a dare ɗaya ba ya ƙara komai. A ba dutsen sunan riƙo na kanka, haruffa da lambobi da ba su wuce bakwai ba, a aika a tsarin ADES, wanda ke maye gurbin tsohon tsari mai gurbi 80.

Awon dare ɗaya ba ya samun lamba. Ana jefa shi a rumbun marayun awo, ya zauna har ranar da lissafi ya haɗa shi da wani. Saboda haka a koma gobe ko jibi, kada a wuce mako. Awon awa ɗaya ba ya ba da turba ta gaskiya, amma dabarar Yrjö Väisälä, masanin Finlan, tana ba da hasashen da zai kai ka 'yan kwanaki, kuma manhajar Find_Orb ta Bill Gray tana lissafa shi.

Idan dare biyu suka haɗu kuma ba a danganta shi da wani sananne ba, cibiyar za ta ba shi lambar wucin gadi. Karanta ta ba wuya. Shekara ce a gaba. Harafin farko rabin wata ne: A daga 1 zuwa 15 ga Janairu, B sauran Janairu, C da D Fabrairu, haka har Y a ƙarshen Disamba, ana tsallake I. Harafi na biyu jeri ne a cikin rabin watan, haruffa 25 ban da I, ƙaramar lambar ƙarshe kuma tana nuna sau nawa aka zagaye haruffan. Ɗauki 1998 DW23. D rabin Fabrairu na biyu ne, W harafi na 22, sai 23 sau 25 wato 575, a tara ya zama na 597 a wannan rabin watan.

Kada a saki dutsen a nan. A auna shi duk bayan 'yan kwanaki, a sake kamo shi a duhun wata mai zuwa. Kusan wata ɗaya da rabi bayan jeruwa zai yi kamar ya tsaya cik kafin ya juya gabas, yana kuma dushewa kullum. Bibiyar wata biyu tana ba da turbar da za a iya sake samunsa da ita. Bibiyar kwana uku kuwa sau da yawa sallama ce. Jeruwa ta gaba tana zuwa bayan wata 15 zuwa 17, kuma ba lalle ya yi hasken da ya yi ba, don turbar ba da'ira ce cikakkiya ba.

Daga awon haske ake fitar da lambar H, wadda ke ba da kimar girma. Dutse mai H 18 zai kai kusan kilomita 1.5 in baƙi ne mai maido kashi 5 cikin ɗari na hasken rana, ko kusan mita 670 in mai haske ne da ke maido kashi 25.

Lambar dindindin tana zuwa ne bayan an ga dutsen a jeruwa huɗu ko fiye, turbarsa ta tabbata. A cibiyar ana auna rashin tabbas da lamba U, daga 0 zuwa 9, kuma ana son ta sauko 2 ko ƙasa. A nan ne kaɗai ake yanke wanda ya gano shi. Tun Oktoban 2010 ƙa'idar ita ce a duba jeruwar da aka fara kawo rahoton dare na biyu a cikinta, a ba wanda ya riga kowa aika awo a wannan jeruwar. Ma'ana, samun lambar wucin gadi bai sa dutsen ya zama naka ba. Ana iya tono awon da wata cibiya ta riga ka aikawa, haƙƙin ya koma gare ta. Shi ya sa jinkirin aikawa hasara ce. A shirin IASC ma a kula: abin da suke kira ganowar farko ba a tabbatar da shi ba tukuna, kaɗan ne daga ciki ke kaiwa lambar wucin gadi, kuma a rajista sunan Pan-STARRS ne ke fitowa. Ta hannun shirin ƙungiya ke samun damar ba da suna.

Raɗin suna

Daga ranar da aka ba da lambar dindindin, mai ganowa yana da shekara 10 ya gabatar da suna ga kwamitin IAU mai kula da sunayen ƙananan halittun sama, WGSBN. Bayan nan ƙofa na iya buɗewa ga wasu. 'Yan babbar ɗamara sun fi kowa sakewa. Duwatsun da ke tafiya a turbar Jufita, misali, manyansu sunayen mutanen yaƙin Taroy na tsohon labarin Girkawa ake ba su, amma na ɗamara ana iya sa musu sunan mutum, gari, kogi ko wani abin tarihi. Cyril Jackson, wanda ya yi aiki a Johannesburg, ya bar mana 1193 Africa da 1278 Kenya da 1279 Uganda.

Sunan kada ya wuce alama 16, har da tazara, an fi son kalma ɗaya, ya furtu a wani harshe, kada ya zama zagi, kada kuma ya yi kama da wanda ake da shi. A binciki jerin sunayen cibiyar kafin a ƙwallafa rai. Mutum ba ya sa sunan kansa. Sunan kasuwanci ba ya shiga. Sunan dabbar gida ba a so, tun bayan surutun da ya biyo bayan sa wa dutse na 2309 sunan kyanwar wanda ya gano shi. Wanda aka fi sani da siyasa ko aikin soja sai ya shekara 100 da rasuwa, haka ma abin da ya faru na siyasa ko yaƙi. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, don haka sunansa sai 2083. Irin su Dala, Kusugu ko Gobarau wannan shingen bai shafe su ba. Kwamitin ya taɓa karɓar sunaye daga harsunan mutanen San na kudancin Afirka da alamominsu na musamman, saboda haka mai son rubuta suna da ƙ ko ɗ yana da hujjar nema.

Tare da sunan ake aika gajeren bayanin dalili da Turanci, wanda bai wuce alama 360 ba: wane ne ko mene ne, shekarun haihuwa da rasuwa in mutum ne, da abin da ya yi. Kirari da yabon da ba hujja suna jawo a dawo da shi ko a datse. 'Yan kwamitin suna jefa ƙuri'a, kuma suna bai zama suna ba sai ya fito a mujallar WGSBN, wadda ta karɓi wannan aiki daga takardun MPC a 2021. Kada a kira walima ko a gaya wa 'yan jarida kafin nan, don ana ƙin suna. Ba a biyan ko sisi, kuma takardar da wani kamfani zai sayar maka cewa ya sa wa tauraro ko dutse sunanka ba ta da matsayi a wurin IAU.

Dutsen nan da muka warware lambarsa, 1998 DW23, Eric Elst ɗan Beljiyam ne ya gano shi daga La Silla a Chile a Fabrairun 1998. Ya samu lambar dindindin 35462, ya zauna ba suna har 2021, lokacin da aka raɗa masa Maramkaire, don girmama Maram Kaire, masanin taurari ɗan Senegal da ya jagoranci aikin kallon sama da hukumar NASA ta yi a ƙasarsa a 2018. Shekara 23 ke nan tsakanin hoton farko da suna.